Gadon da Sista Ta Rubuta

Tun ina yarinya Gwaggo take cewa shegen bin diddigina ne zai kashe ni. Bai kashe ni ba, aiki ma ya samo mini. Shekarata uku ke nan ina kula da ɗakin fayil a sashen masu ɗauke da ƙanjamau, cutar nan mai karya garkuwar jiki, kuma ni ma a sashen nake karɓar maganina. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, kantocin ƙarfe huɗu, da wata fanka da ba ta juyawa sai ta ga dama. Fayil dubu da 'yan kai ne a ciki, amma ko idona a rufe, faɗi lamba in zaro maka. Ma'aikata suna kirana Guntuwa. Ba na fushi, ai gaskiya ce, sai na taka kujera nake kai wa kantar sama.

A farkon shekarar nan aka kawo mana sabon likita. Kafin ya yi sati biyu nas-nas sun sa masa suna Me-ya-sa, don ko gaishe shi ka yi sai ya so jin dalili. Wata safiya ya leƙo ɗakina yana goge gilashinsa da bakin riga.

"Guntuwa, ki ware mini fayil ɗin duk wanda yake tsakanin shekara sha takwas zuwa talatin. Ki raba su biyu, waɗanda aka haifa da ita daban, waɗanda suka gamu da ita daga baya daban."

Na ce, "Me ya sa?"

Ya yi dariya har da buga kanta, an mayar masa da kayansa. Ya ce so yake ya ga yadda jikin kowane ɓangare yake tafiya. Wanda aka haifa da ita ya girma tare da ita ne, ta taɓa masa tsawo, ta taɓa masa ƙirji, wani ya sha magani shekara ashirin har maganin ya fara gajiya da shi. Wanda ya gamu da ita yana babba kuwa, jikinsa ya riga ya ginu kafin ta zo. Cuta ɗaya ce, in ji shi, amma ba kulawa ɗaya suke bukata ba.

Aikin bai yi mini wuya ba. Waɗanda aka turo mana daga sashen yara da takardarsu suke zuwa, an buga mata hatimin “daga uwa”. Su na jera a tebur na hagu. Sauran kuwa, waɗanda sai da suka tasa aka gano musu ita a nan wurinmu, akwai wani layi a shafin farko na fayil ɗinsu da aka rubuta “hanyar kamuwa”. Tsofaffin fayil-fayil duk Sista ce ta cike su, wata tsohuwar nas da ta yi ritaya kafin in fara aiki. Da Hausa take tambayar mutane, da Hausa kuma take rubutawa. A mafi yawansu ɗan layi kawai take ja a wurin. A wasu kuma ta rubuta kalma ɗaya da jan biro: gado.

Kalmar nan ba baƙuwata ba ce, tana cikin fayil ɗina. Ranar da na fara aiki nawa na fara buɗewa, wa zai iya haƙuri? Da na gan ta sai da fuskata ta yi zafi. Na ce a raina, kai, tsohuwar nan ba ta da kara, haka kawai ta rubuta wa mutum gado ɓaro-ɓaro. Ban yi mamaki ba dai. Na yi aure ina sha takwas, wani bakanike ne da na mutu a kansa. Bayan shekara ɗaya na kwanta rashin lafiya, Gwaggo ta kawo ni nan, aka gano. Aka ce shi ma ya zo a gwada shi, ya ƙi, ya aiko mini da takardar saki. To wace shaida kuma nake nema? Shekara biyar na yi duk kwalbar maganin da zan buɗe sai na yi masa Allah ya isa.

Saboda haka masu layi da masu gado duk na haɗa su a tebur na dama, waɗanda suka gamu da ita daga baya.

Bayan kwana huɗu sai ga Likita ya dawo da wata doguwar takarda, ya ja kujerar da nake takawa ya zauna a kanta.

"Akwai abin da ya hana ni sakat," ya ce. "Duba nan. Mutanen hagu yadda na zata haka suke. Yawancinsu ba su da tsawo, tari ba ya rabuwa da su, wasu an canza musu magani sau biyu, sau uku. Mutanen dama kuwa, in dai suna shan magani a kan kari, ƙwayar cutar takan lafa a jininsu da wuri, matsalarsu tsallake ranar asibiti. Amma a cikin na daman akwai mutum sha huɗu da suka ƙi shiga sahu. Gajeru ne, hoton ƙirjinsu na wanda ya daɗe da ciwo ne tun yarinta. Me ya sa?"

Ya ba ni lambobin, na shiga zarowa. Ina kaiwa na tara sai hannuna ya tsaya, don lambar nan na haddace ta fiye da lambar wayata. Na zaro shi na cusa a ƙasan sauran.

Likita ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Sai ya ɗago yana kallona ta saman gilashi.

"Haba Guntuwa! Ai ga shi nan an rubuta. Gaado."

Ya ja “ga” ɗin, ya sauke muryar a ƙarshe, yadda ake faɗa in mutum ya mutu ya bar wa 'ya'yansa gida.

Na ce, "A'a Likita, gado ne." Na faɗe shi a gajarce. "Na kwanciya."

Muka kalli juna, sannan muka mayar da ido kan takardar tare, kamar za ta buɗe baki ta raba mana gardama. Harafi huɗu ne, ga su nan da jan biro, ba su ce uffan ba. Wallahi a shekara ukun nan ko sau ɗaya bai taɓa zuwa mini a rai cewa ana iya karanta ta wata hanya ba. Na karanta abin da na riga na sani ne.

"Ikon Allah," ya ce, har da wani murmushi, shi abin daɗi ya yi masa. Can sai murmushin ya ɗauke. "In nawa karatun ne daidai, mutanen nan suna da ƙanne da yayye da suka sha nono ɗaya. An gwada su?"

Auta ne ya faɗo mini a rai.

Auta ƙanena ne, mu biyu iyayenmu suka bari. Baba ya rasu ina da shekara huɗu, Umma ta bi shi Auta yana rarrafe. Zazzaɓi, haka Gwaggo take cewa duk lokacin da muka tambaya, ita ce ƙanwar Baba kuma ita ta riƙe mu. Yanzu Auta shekararsa ashirin, kafinta ne, kuma da kaɗan ya fi ni tsawo. Tun yana firamare yake tari. Da an ce sanyi ne, da ya fara aikin katako aka ce garin katako ne. Watanni ukun nan wandonsa ya yi masa yawa, sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huji. Bai san ina ɗauke da komai ba. A saninsa aiki kawai nake yi a asibiti, maganin da nake sha kuma na ƙarin jini ne.

Likita ya kai fayil na ƙarshe. Ya karanta, ya dube ni, ya rufe shi a hankali. Karo na farko tun zuwansa bai ce me ya sa ba.

"Kina da ƙani?"

"Ɗaya."

"Ki kawo shi gobe. Gwajin minti ashirin ne."

Na ce, "Likita, ba haka ake yi ba. In na kawo shi sai na faɗa masa nawa, sai kuma na faɗa masa abin da ya kashe uwarmu. Yaron da hoton Umma ne a fuskar wayarsa. In je in tayar masa da hankali a kan karatunka, alhali wataƙila nawa ne daidai? Bari in ji daga bakin mai biron."

Samun Sista bai yi wuya ba, mai gadin asibiti ya san gidan. Ranar hutuna da hantsi na same ta a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba, tsohuwa mai jiki, gilashinta rataye a wuya da zare. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙura mini ido.

"Na san fuskar nan. Ba ke ce kika zo da wata gwaggonki mai yawan kuka ba? Kin yi kyau, 'yar nan. Tsawon dai yana nan inda na bar shi."

Na yi dariya ba don ina so ba. Na faɗa mata aikin da nake yi yanzu, ta ce to ashe ni na gaji ƙurarta. Na fito da wata 'yar takarda da na rubuta kalmar a kai, na miƙa mata.

"Sista, don Allah karanta mini wannan da ƙarfi."

Ta sa gilashi, ta duba gaba, ta duba baya.

"Wasa kika zo yi da ni? To wanne? Na kwanciya ko na magada?"

"Abin da na zo tambaya ke nan. A fayil-fayil ɗinki, layin hanyar kamuwa, wanne kike nufi?"

Kwanon tsabar ta ajiye. Ta dafe ƙirji.

"Ke! Ni? Da girmana in ɗauki biro in rubuta wancan gadon a takardar 'yar mutane? Allah ya kiyaye. In ta wannan hanyar ce layi nake ja, kowa ya gane, ba sai an tona ba. In na rubuta kalmar, gaado nake nufi, daga uwa. Har jan biro nake sa wa don likita ya lura." Sai ta tsaya. "Wai da yaya kuke karanta shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Shekara nawa?"

"Ni dai uku. Kafin ni ban san ko akwai wanda ya karanta ba ma."

Ta jawo kujera ta zauna, ni ma ta nuna mini wata. Na tambaye ta yadda take ganewa, tunda mutum ya zo mata da girmansa, wata ma da aure. Ta ce ita ba boka ba ce, tambaya take yi. In yarinya ko saurayi ya zo, shekara sha bakwai amma jikin ɗan sha biyu, ga tsohon tari, sai ta tambayi uwa. In an ce ta rasu, sai ta tambayi me ya kashe ta, kuma ba ta karɓar zazzaɓi a matsayin amsa. Takan ja babban da ya rako shi gefe ta matsa masa. Sai ta samu tabbaci take rubutawa.

"Nawa fa?" na ce. Muryata ta fito 'yar ƙarama.

"Naki gwaggonki ce ta faɗa mini da bakinta, a bayan ɗakin allura. Ta ce babanku da mamarku duk ciwon ne, ita ta yi jinyarsu. Na ce akwai wani yaro? Ta ce akwai. Na ce ta kawo shi, ta ce gobe. Ni kuma watan da ya biyo na ajiye aiki." Ta cire gilashin. "Ba ta kawo shi ba ko?"

Na girgiza kai.

"Ni na ɗauka kin sani, 'yar nan. Na ce ai ga shi a rubuce."

Daga nan gida na wuce, raina yana tafasa. Na samu Gwaggo tana shanya a igiya. Ban ko gaishe ta ba, abin da ban taɓa yi ba tunda nake.

"Gwaggo, daga wurin Sista nake."

Zanin da ke hannunta ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Ba ta tambaye ni wace Sista ba.

"Shekara biyar kina jina ina tsine wa bawan Allah," na ce. "Har amin kike cewa!"

Ta zauna a bakin rijiya ta fara kukan nan nata. Ta ce gara ta ji ina tsine wa bare da ta ji ina tsine wa yayanta da yake kabari. Ta ce ta yi niyyar kai Auta, har ta wanke masa kaya, sai ta gan shi yana ƙwallo da yara, ta ce wannan lafiyarsa ƙalau, me zai sa ta je ta jawo masa. Gobe ta zama jibi, har abin ya yi mata nauyin faɗa.

Na ji haushinta, na kuma ji tausayinta, matar da ta hana kanta aure saboda mu. Amma ba ranar lallashi ba ce. Na ce mata za mu yi magana, na ɗauki jakata.

Shagon da Auta yake aiki yana bakin titi, rumfa ce ta kwano, garin katako har idon sawu. Kuma don Allah ji abin da na tarar yana yi: gado yake gogewa, wani ƙato mai fuska biyu, ya ɗaure hanci da tsumma. Da ba don halin da nake ciki ba da na yi dariya.

"A'a, Yaya! Yau asibiti ta kore ki ne? Ko oda kika kawo? In sabon aure ne ki faɗa mini da wuri, naki ɗan ƙarami zan yi, katako ba zai tafi da yawa ba."

"Ka ci gidanku. Zo mu zauna."

Muka zauna a kan gadon da bai gama ba, a gefen da babu mutane. Na yi ta shirya maganar a hanya, da na zo duk ta watse. Sai kawai na fito da kwalbar maganina na ajiye a tsakaninmu.

"Wannan ba na ƙarin jini ba ne."

Na faɗa masa duka. Nawa, da na Baba, da na Umma, da kalmar Sista, da yadda na karanta ta a karkace. Yana ji yana murza garin katako a tsakanin yatsunsa. Ya yi tari, tarin da na shekara goma sha ina ji, ranar ne na saurare shi da kyau. Can ya ciro wayarsa ya kalli hoton Umma ya daɗe.

"Ta sani?"

"Ban sani ba, Auta. A lokacinsu ko ta sani, ba lallai ta samu abin da za ta kare mu da shi ba."

Ya mayar da wayar aljihu. Ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Kullum ina cewa iyayenmu ko cokali ba su bar mana ba. Ashe an bar mana, ba a dai raba ba ne."

"Wataƙila ni kaɗai na samu. Ba kowane ɗa yake ɗauka ba, Likita ya faɗa."

"To ke da kike sha shekara biyar, ya kike ji?"

"Ka gan ni dai. Na fi ka ci, na fi ka baki."

"Wannan gaskiya ne," ya ce. Ya kwance tsumman wuyansa ya kakkaɓe wandonsa. "Mu je yanzu. In na kwana da shi ba zan je ba."

Muka isa kafin a tashi. Nas ta shigar da shi, ni na koma ɗakina, don ma'aikaci ba ya zama a gwajin ɗan'uwansa. Minti ashirin ɗin nan na gyara kantar da ba ta bukatar gyara. Na zaro fayil sha ukun nan na jera, mutum sha uku da za mu kira mu tambaye su ƙanne da yayye. Na kuma rubuta wa yayan tsohon mijina saƙo cewa ina son magana da ƙanensa, maganar lafiyarsa ce. Wannan saƙon ya fi komai yi mini nauyi, amma na tura.

Likita ne ya shigo da kansa. A hannunsa akwai sabon fayil, fari fes, ko lamba ba a sa masa ba. Da na gan shi na gane, don ba a buɗe wa mai lafiya fayil a sashenmu.

"Garkuwarsa ta yi ƙasa," ya ce. "Amma da ƙafarsa ya zo, ba ɗauko shi aka yi ba. Za mu duba ƙirjin, mu fara magani. In ba za ki iya ba, nas ta cike."

"Aikina ne," na ce.

Ta taga ina hango Auta a kan benci, garin katako a gashinsa, yana juya katin da aka ba shi. Na sa lamba. Na rubuta shekarunsa, da sana'arsa, da sunana a layin ɗan'uwa mafi kusa. Sai na zo layin hanyar kamuwa. Wurin ɗan ƙarami ne, na kalma ɗaya. Na rubuta “daga uwa, tun haihuwa, yayarsa ma haka”, rubutun ya fita daga layin ya gangara gefen takarda, na bar shi a haka.

Sannan na taka kujera na ajiye fayil ɗin a kantar sama, kusa da nawa, duk da lambobinmu ba sa jere.